Shawarwarin masu tara tsofaffin kan sarki

A wata hira da tsofaffin hannu a harkar tara kan sarki suka yi, abin da suka fi nanatawa shi ne tsufa kaɗai ba ya sa kan sarki tsada. Penny Black, kan sarki na farko a duniya, wanda Ingila ta fitar a watan Mayu 1840 da hoton Sarauniya Biktoriya, an buga fiye da miliyan 68, don haka samunsa ba wuya. Lafiyarsa ake dubawa. A lokacin da almakashi ake yanka shi, sai a 1854 aka fara huda gefe, shi ya sa wanda gefensa huɗu suka fita sarai ya fi daraja nesa ba kusa ba.

Sun kuma ja kunne sosai kan tsohuwar ambulan: kada a ɓamɓare kan sarkin, domin hatimin gidan waya da kwanan wata suna ƙara masa kima. Ni ma nan na fi ba ƙarfi.

Sauran a taƙaice: a ɗauka da hantsaki, a guji gam, laima da rana. Mai farawa ya zaɓi fanni ɗaya, misali na Arewacin Najeriya da aka fara fitarwa a 1900.