Ƙanina ya faɗa shan giya a Foggia, in ɗauko shi ko in mayar da shi gida?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni shawara. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya shigo Italiya ta Libiya a 2016, yana wajen Foggia yana aikin tumatir, an hana shi takardar zama ya ɗaukaka ƙara har yau shiru. Kwanaki na je duba shi na tarar da kwalayen giyar nan mai arha jibge ƙarƙashin katifa, da safe hannunshi rawa yake, sai ya kurɓa tukunna yake iya riƙe kofin shayi, farin idonshi ma ya fara yin rawaya. Ni ina Brescia ɗaki biyu ne da mata da yara uku, madam ta ce ba ta hana ba amma fuskarta ta hana. To in ɗauko shi ne ko in yanki tikiti ya koma Kano? Hajiyarmu ba ta sani ba kuma tana da hawan jini. Ba wa'azi nake nema ba, yaron nan ya yi sauka ya san hukunci.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. A tunatar da shi giya uwar laifuka ce, ya yawaita istigfari, a nemi malami ya yi mishi ruƙiyya.

Bazazzage:
Aure kawai za ku yi mishi, kaɗaici ne.

Ɗan Agadas:
Aure da wace takardar? Ka karanta kuwa? Mutum yana kwana a ɗakin kwano da leda ka ce aure. Ni na yi kaka biyu a Borgo Mezzanone can kusa da Foggia, akwatin tumatir mai kilo 300 yuro 3 da rabi ake biyanmu, kapo, wato dillalin da ke kai mu aiki, ya cire yuro 5 na mota kullum, in tumatir ya ƙare wanda bai tafi tsinkar lemo a Rosarno ba zama kawai yake cikin sanyi ba wuta ba aiki, ga giyar kwali lita guda yuro 1. Wlh na ga mahaddata sun fara da cewa ɗumama jiki suke.

Bazazzage:
Yuro 1 a ina? Yaushe rabonka da shiga kanti, yanzu ta kusa 2.

Oga Sule Napoli:
Bazazzage ya aka yi ka san kuɗinta haka daidai? 😂 Allah ya shirya

Maman Ikram:
Baban Amira kar ka saurari masu raha. Ni tafinta nake yi wa mutanenmu a asibiti na ga irin haka da yawa. Tunda har hannu na rawa da safe jikinshi ya riga ya saba, kar a raba shi da ita rana ɗaya, yana iya kawo farfaɗiya da ruɗewa har a rasa rai. Akwai SerD a ƙarƙashin hukumar lafiya ta yanki wato ASL, wajen masu fama da shaye-shaye ne na gwamnati kuma kyauta. In ƙararsa na nan a kotu watakila ma yana da katin lafiya, in babu a yi mishi lambar STP ta marasa takarda, doka ta hana ma'aikatan asibiti kai rahoton mutum don ba shi da takarda. Idon nan kuma a auna hanta da gaggawa, ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a mutanenmu, mutum na ɗauke da shi tun yarinta bai sani ba, giya ta zo ta ƙarasa.

Ɗan Kumasi:
Hmm. Maganar nan ta taso min da abu. Akwai yaron da muka zauna ɗaki ɗaya a Castel Volturno, ɗan zangonmu ne tare muka tsallako ruwa, matar da ya bari a gida aka raba auren saboda shekaru sun ja ba takarda ba zuwa, daga nan ya fara. Da farko a ɓoye, yana zubawa a robar lemo yana tauna kanumfari, daga baya ko kunya babu. Manyanmu suka taru suka ce abin kunya ne a kai Musulmi wajen Turawa a ce mashayi ne, suka kulle shi a ɗaki da rubutu da ruwan zamzam, rana ta uku yana ihu wai ƙwari na bin jikinshi suka ce aljanu ne ke fita, sai da ya faɗi yana kumfa sannan aka kira 118, lambar motar asibiti. Ya tashi a wannan karon amma bai ƙara yarda da kowa ba, ya bar ɗakin ya koma kwana tashar jirgin ƙasa. Bayan shekara aka kira ni asibiti, cikinshi ya kumbura kamar tulu ƙafafu sun yi suntum, abin da yake ta roƙona kar in faɗa wa babarshi. Har yau tsohuwar nan ta ɗauka sanyi ne ya kashe shi. Waɗanda suka kulle shin kuma su ne a sahun gaba wajen sallar gawa, da aka zo karo-karon kai shi gida yuro 6,500 wasu ko 20 ba su ba da ba.

Abu Sumayya:
Allah ya jiƙanshi. Amma a bar zagin manya, niyyarsu alheri ce. Kuma 'yar uwa Maman Ikram tafinta ce ba likita ba, a riƙa sanin wa ake ɗaukar maganarsa.

Maman Ikram:
Malam ai ban ce ni likita ba ce, cewa na yi a kai shi wajen likita. Kai da ka ce ruƙiyya a wace makarantar ka karanta hanta? A yi addu'a a kuma je asibiti, wa ya hana.

Alhaji Hamburg:
Ni shekarata 22 a Turai duk na girme ku a nan. Ka mayar da shi gida gaban mahaifiyarsa, kunyar ido ma magani ce. Tikiti bai wuce 450 ba.

Ɗan Agadas:
Alhaji Jamus daban Italiya daban. 450 kuma sai dai in a jirgin ruwa, wancan watan 720 na biya wa wani. In komawar ce ma hukumar kula da ƙaura ta duniya IOM na biyan tikiti har da ɗan tallafi ga wanda ya yarda da kansa. Amma wanda ya koma hannu rabbana bayan an sai da gona an tura shi, me kake zato zai tarar? Can ma ga ƙwaya ga Sabon Gari.

Baban Amira:
Na gode. Fili ne Hajiya ta sayar ba gona ba, kuma shi ya ce ko gawarshi kar a kai. Maman Ikram in ya zo Brescia za su karɓe shi ko sai a can inda yake?

Oga Sule Napoli:
Ɗan Kumasi tsaya, 6,500 kuka biya? An cuce ku, mu 4,000 muka kai ta wani Legas bara.

Ɗan Kumasi:
Accra ce ba Legas ba, ga kuɗin ajiya na sati biyar saboda jiran takardu.

Hajiya Verona:
To ni tambayata ina kuɗin ƙungiya? Duk wata yuro 10 ake karɓa a hannunmu an ce na rasuwa da rashin lafiya ne, amma da an yi mutuwa sai a sake bin mu da kwano. Mijina shekara nawa yana biya ko rasit ɗaya bai taɓa gani ba.

Alhaji Hamburg:
Hajiya wannan ba wurin maganar ba ne.

Hajiya Verona:
Ina ne wurin Alhaji? A taro an ce mata su yi shiru, an kira ma'aji ba ya ɗauka, sai hotonshi muke gani a Facebook yana duba gini a gida. A fito da littafin kawai kowa ya gani, tun daga 2019.