Laboratory: gaɓa huɗu ce ko biyar?

Baban Ummi: Malamai, wani ya ce kalmar Turancin nan laboratory (ɗakin gwaje-gwaje) gaɓa biyar ce, wasula kawai za a ƙirga: la-bo-ra-to-ry. Ni dai na yarda. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ma gida biyar ya raba ta da ɗigo.

Maman Khalifa: Malam, ɗigon nan ba na furuci ba ne, yana nuna inda za a yanke kalma ne idan layi ya ƙare. Duba inda aka rubuta furucin: wasalin da ke bayan b a cikin baka-biyu ( ) aka sa shi, wato ana iya haɗiye shi. Ba'amurke LAB-ra-to-ri yake cewa. Huɗu ke nan.

Bazazzagi: Mutumin Ingila ma huɗu, Hajiya, sai dai wasalin da yake haɗiyewa daban ne. Shi la-BO-ra-tri yake cewa: ya danna murya a gaɓa ta biyu, o na ƙarshe ya faɗi, t da r su haɗe. Haka yake yi wa secretary da territory.

Baban Ummi: To in kowa da nasa wanda yake haɗiyewa, ai asalin biyar ɗin ne.

Bazazzagi: Kana da rabin gaskiya. Ƙamus ɗin Cambridge ya ɗora ƙaramar ə, alamar wasali mai rauni, tsakanin t da r, ma'ana mai magana a tsanake zai iya fito da biyar. Amma ba a ƙirga gaɓa da haruffa, in ba haka ba Wednesday ta zama uku, alhali biyu ce.

Maman Khalifa: Ni ba adadin ne ya dame ni ba. Ɗalibanmu kowace gaɓa ƙarfi ɗaya suke ba ta, don Hausa da karin sauti take aiki. Kuma gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa tri ke komawa tiri, biyar ɗin ta dawo ta bayan gida.

Bazazzagi: Maganinsa a gina ta daga baya: tri, ra-tri, BO-ra-tri, sannan a liƙa la gajere, mara ƙarfi. Wajen ƙirga gaɓa kuma, kada a dogara da sa hannu ƙarƙashin haɓa, don haɓa ba ta sauka sosai a wasali mai rauni. A rufe baki a yi gunjin kalmar, a ƙirga bugun.

Baban Ummi: A jarrabawar WAEC fa, Malama?

Maman Khalifa: Ingila ake bi. A takardar furuci zaɓi wadda aka rubuta gaɓa ta biyu da manyan baƙaƙe.

Baban Ummi: Na ji. Amma a rubutu ina nan kan biyar ɗina.