Wane man retinol ne zai karɓi fuskar mai shekara 54 da ba ta jure komai?

Maman Sadiya, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san retinol da gaske, wato man fuskar nan da ake shafawa don rage tamoji, ko suka yi amfani da shi ya karɓe su.

Shekarata 54, ina koyarwa a wata firamare nan Tudun Wada. Shekara huɗu ke nan da al'ada ta ɗauke mini, tun daga nan kuma fuskata ta zama wata daban. Da can maiƙo gare ta, hoda ma ba ta zama. Yanzu ina idar da alwala sai in ji ta ɗaure tamau kamar fatar kalangu. Tamoji sun fito a gefen idanu da tsakanin gira, ga wani duhu da ya kwanta a kumatuna, dama da hagu, kamar an auna. Ba ƙuruciya nake so ta dawo ba, na gode wa Allah da shekarun da Ya ba ni. Ina dai son in tsaya gaban yara ba tare da ana tambayata ko ciwo na yi ba.

A watan Disamba, hunturu na tsaka da kaɗawa, 'yata da ke karatu a Samaru ta kawo mini wata 'yar kwalba ta retinol, an rubuta 1% a jikinta. Da kuɗin aljihunta ta saya don ta faranta mini. Ba wanda ya nuna mana yadda ake yi, sai na riƙa lafta shi kowane dare yadda nake shafa basilin. A dare na biyar fuskar ta ɗau raɗaɗi. Gefen hanci da gefen baki suka tsage, fata ta riƙa saɓa tana zuba a kan hijabina kamar dusa. Ruwan alwala kansa sai na cije nake sa shi. Na daina, ya warke cikin mako biyu, amma duk inda ya ƙone ya bar baƙin tabo, yau wata biyar bai gama tafiya ba.

Duk da haka ban fid da rai ba, domin wata abokiyar aikina da ta girme ni tana amfani da shi, na kuma ga bambanci da idona. Wane ƙarfi ya kamata mai irin fatata ta fara da shi? Mai kauri na shafawa ya fi, ko na ruwa-ruwa da ake ɗigawa? Yaya kuma ake yi da alwala sau biyar a rana?

'Yar Samaru:

Wa alaikumus salam Anti, sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Wallahi 1% a Disambar Zariya, ko fatar da ba ta da matsala sai ta ji a jikinta. Ni shekarata 46, shekara biyu ina amfani da shi, bari in faɗa miki yadda na yi.

Da 0.2% na fara, na kamfanin The Ordinary wanda aka narkar a cikin mai. Dare biyu kacal a mako, Litinin da Alhamis, don ranakun azumina ne, ba na mantawa. Sai na yi isha'i na tabbata ba sauran alwala, in wanke fuska da sabulu mai sauƙi, in bari ta bushe ƙarau, kamar minti ashirin. Jiƙaƙƙiyar fata ta fi shan sa, shi ya sa ta fi ƙonewa. Sannan in shafa man riƙe danshi, in ɗebi retinol kamar ƙwayar wake guda, ita ce ta fuska duka, in ɗora, in sake bi da man danshin. Gefen hanci, gefen baki da kewayen ido kuwa basilin nake fara sa musu, don nan yake taruwa ya ci. Alwalar asuba ba ta ɓata komai, kafin nan ya riga ya shige.

Sai da na yi wata guda a haka na ƙara dare ɗaya. Ban ga komai ba sai wajen wata na uku, laushi ne ma ya fara zuwa, tamoji sai da aka doshi wata shida suka ɗan kwanta. Hunturu na shigowa nake komawa dare ɗaya, wani makon ma in bar shi gaba ɗaya.

Abin da ba wanda ya gargaɗe ni a kai shi ne halawa. Lokacin bikin ƙanwata aka yi mini a saman leɓe, fatar ta biyo ta. Ki dakatar da shi aƙalla mako guda kafin halawa ko dilka. Lemun tsami da sabulun salo ma ki jingine su, ba sa shan inuwa ɗaya da shi.

Mai Kemis, Sabon Gari:

Hajiya, sannu da jiki. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma irin wannan ƙorafin na zuwa mini sosai lokacin sanyi.

Retinol dangin bitamin A ne, kuma da kansa ba ya aiki. Sai fata ta juya shi sau biyu kafin ya zama asid ɗin da ƙwayoyinta ke amsa wa. Asid ɗin nan shi ne tiretinoyin, wanda aka fara ba wa izini a Amurka a 1971 don maganin ƙuraje, daga baya aka lura yana rage tamoji. Shi sai da takardar likita. Aikinsu duka shi ne su hanzarta sabuntar saman fata, su kuma zaburar da ita ta ƙera kolajin, wato zaren da ke riƙe ta ta tsaya. Mace kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin ɗin fatarta a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada, maiƙo ma ya ja baya. Abin da kike gani a madubi ke nan. Retinol zai iya yi miki amfani, sai dai fatar ba ta ɗaukar nauyin da take ɗauka a da.

Wurin farawarki tsakanin 0.1% ne da 0.3%. Tarayyar Turai ma a 2024 ta kafa doka cewa man fuska kada ya wuce 0.3%, na jiki kuma 0.05%, don gudun bitamin A ya yi wa mutum yawa. Busasshiyar fata ta fi son mai kauri, musamman wanda aka haɗa da sinadaran da ke taimaka wa fata riƙe danshi, irin su seramaid ko gilisarin ko nayasinamaid, babu turare a ciki. Akwai kuma waɗanda aka naɗe retinol ɗinsu yana fita a hankali, kamar na kamfanin CeraVe, su ma sun fi sauƙi ga fata mai saurin fushi.

Ki lura da mazubi. Haske da iska da zafi na kashe retinol, don haka ki guji mai faɗin baki da ake sa yatsa, da kwalbar da ake hango cikinta, da duk wanda ya wuni a kan tebur a ranar bazara. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, domin jabun manyan sunaye sun cika kasuwa.

Wasu na cewa raɗaɗi alama ce yana aiki. Ga baƙar fata wannan magana ɓarna ce. Fatarmu duk inda ta ƙone ko ta kumbura, da ƙarin launi take ramawa, shi ne tabon da kike fama da shi. Ki kuma gaya wa 'yarki, mai ciki ko mai neman ciki ba ta shafa shi.

Tambaya ɗaya, Hajiya, kuma ki yi haƙuri da ita: kin taɓa shafa man haɗi ko na ƙara haske, ko da na ɗan lokaci ne?

Goggon Yara, Ƙofar Doka:

Ni dai 'yar'uwa da za ki ji tawa, da kin bar fuskar nan ta huta. Shekarata 61, ban san wani mai ba bayan man kaɗanya, shi na ga uwata na shafawa har ta koma ga Allah. Ba na ce na zamani ba shi da amfani ba, amma abin da ya taɓa ƙona ki, me ya sa za ki koma masa da gaggawa? Kuma kin ce koyarwa kike yi. Tsayuwar taron safe da dawowa gida da azahar a ranar garin nan, su kaɗai sun isa su sa kumatu duhu. Ki nemi laima, ki riƙe man kaɗanyarki mai kyau, ki ga abin da Allah zai yi zuwa ƙarshen damina.

Maman Sadiya, Tudun Wada:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Yaya, maganarki ta rana gaskiya ce, a ƙafa nake zuwa makaranta in dawo.

Malam, tambayarka ta tsaya mini a rai tun jiya. E, na taɓa. Shekara biyu da suka wuce, wata mai kawo kaya gida-gida ta ba ni wani mai a farar roba marar suna, ta ce na goge duhun kumatu ne, ba bilicin ba ne. Cikin mako biyu fuskata ta yi fes. Na yi wata takwas ina shafawa. Da na daina sai ƙuraje suka feso mini, duhun ya dawo fiye da da, har yanzu kuma idan na matsa kusa da madubi ina ganin wasu siraran jijiyoyi a kumatuna. Ko 'yata ban faɗa wa ba, don na ji nauyi. Ban taɓa kawowa yana da alaƙa da ƙonewar Disamba ba.

Mai Kemis, Sabon Gari:

Hajiya, ba abin jin nauyi ba ne, mata da yawa da sunan gyaran tabo aka sayar musu. Kin kyauta da kika faɗa, domin ya canza shawarata.

Haske cikin mako biyu, ƙuraje bayan an daina, da jijiyoyin da suka bayyana, duk alamun sitiroyid ne mai ƙarfi irin kulobetasol, wanda ke sirantar da fata idan an daɗe a kansa. Sau da yawa ana cakuɗa shi da haidirokwinon, wani sinadarin ƙara haske, shi kuma doguwar shafawa na iya barin wani duhu mai wuyar fita. A kan irin wannan fatar kika ɗora 1% cikin hunturu.

Don haka kada ki sayi kowane retinol yanzu. Ki fara ganin likitan fata, Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika na kusa da ke. Duhun da ya kwanta daidai wa daida a kumatu biyu na iya zama malasma, wato duhun fuska da rana da sauyin sinadaran jiki ke jawowa, na iya zama sawun man haɗin, ido da ido kawai ake bambance su, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Likita na iya fara miki da asid ɗin azelayik, wanda ya fi sauƙi kuma yana taɓa tabo. Akwai kuma bakuciyol, na tsiro: wani ƙaramin bincike da aka wallafa a 2019 a kan mutum 44 ya nuna ya yi kusa da retinol wajen rage tamoji, saɓar fata kuma ta fi ƙaranci. Mutum 44 ba su da yawa, amma abin tambayar likita ne.

Kafin nan, wanki mai sauƙi, man danshi safe da dare, da man kariyar rana mai lamba 30 ko sama. Wannan na ƙarshen ko ba retinol kina bukatarsa, kuma alwala na wanke shi, sai ki sake shafawa bayan ta azahar kafin ki kamo hanyar gida. Idan likita ya ba da dama, cikin damina ya fi kyau a fara, lokacin da iska ke da laima, fatar ta saba kafin Nuwamba.

Maman Sadiya, Tudun Wada:

To Malam, na ji, na kuma fasa sayen. Robar man haɗin tana nan a ƙasan akwatina da ɗan saura a ciki, zan haɗa ta da kwalbar Disamba in tafi da su Shika ranar da ba ni da darasin safe. Daren jiya na zaunar da 'yata na faɗa mata komai, har da maganar masu ciki, tunda bikinta na tafe bayan Sallah.

'Yar Samaru, saura ke. Man kariyar ranar da na taɓa gwadawa ya bar mini fuska fari fat kamar na shafa toka, har ya ɓata mini bakin hijabi. Wanne kike shafawa da ba ya yin haka, kuma yana zama a fuska idan ana gumi?