'Yan tsanan besbol masu gyaɗa kai sun fita mini a rai

Baban Biyu:
Salamu alaikum. Shekara 11 ke nan ina tara 'yan tsanan nan masu ƙaton kai da ake rabawa a ƙofar filin besbol, waɗanda in ka dungure su da yatsa sai su yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Yanzu guda 74 ne jere a kan kanta. Da can in na ji Pirates, ƙungiyarmu ta Pittsburgh, za su raba sabo, tun rana na tsaka nake bin layi a filinsu, PNC Park, alhali wasan sai bakwai na yamma. Bara na karɓi uku, har yau suna cikin kwalinsu a but ɗin mota. Ranar Asabar na ɗauki tsumma zan goge musu ƙura, ina kaiwa na goma sai na tsaya ina kallon wani ɗan wasa, sunansa ma sai da na karanta a gindin tsanar. Na ajiye tsumman. Wasan kansa bai gundure ni ba, har gobe ina kallo. Akwai wanda ya taɓa jin haka? In sayar ne, ko in jira ko sha'awar za ta dawo?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba kai ka canza ba, abin ne ya yi yawa. Na farkon shekarun 1960 a Japan ake yin su da dakakkiyar takarda, fuskar yaro iri ɗaya, riga ce kawai ta bambanta. 'Yan wasa huɗu aka yi da sunansu: Mickey Mantle, Roger Maris, Willie Mays da Roberto Clemente. Ba su da ƙwari ko kaɗan, shi ya sa mai lafiya a cikinsu yake tsada. Rabon kyautar nan kuwa ƙungiyar Giants ta San Francisco ce ta farfaɗo da shi a watan Mayun 1999, da tsanar Mays a filinta na lokacin, Candlestick. Yanzu kowace ƙungiya sai ta raba da dama a kaka guda. Ka ga na Ohtani, tauraron Dodgers, da karensa Decoy a Agustan 2024? Mutane suka yi dafifi sa'o'i kafin a buɗe ƙofa, kafin a tashi wasa wasu sun kai nasu eBay, kasuwar intanet. Wannan ai cin kasuwa ne.

Uwar Gida:
Baban Biyu, kar ka yi gaggawa. Maigidana ya taɓa tattara nasa kaf ya bayar, bayan wata biyu ya dawo yana cigiyar guda ɗaya. Ka zauna ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ka da labarin da za ka ba 'yan biyunka a kansa, ya tafi. Amma kana Pittsburgh, in kana da Clemente, gwarzon Pirates, kar ka kuskura. Mutumin da ya tsaya a bugu 3,000 cif, ya rasu a haɗarin jirgi ranar 31 ga Disambar 1972 yana kai wa mutanen Nikaraguwa agaji bayan girgizar ƙasa. Katangar dama ta filin naku ma ƙafa 21 aka yi ta saboda lambar rigarsa.

Ɗan Bronx:
Yaya, tunda an shiga tarihi bari in sa baki, duk da abin na mini ciwo. A gasar ƙarshe ta 1960 Yankees ɗinmu sun ci maki 55, Pirates 27 kacal, amma kofin ya tafi Pittsburgh, saboda Bill Mazeroski na Pirates ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga a zagaye na tara na wasa na bakwai. Da shekara ta zagayo Maris namu ya huce mana haushi da irin wannan bugun sau 61 a kaka guda, ya wuce 60 ɗin Babe Ruth na 1927. Sauran 'yan tsanan naka kuma in sun rasa gida, akwai gidan adana irinsu a Milwaukee, an buɗe shi 2019. Kana da Mazeroski? Faɗi kuɗinsa, ina so in ajiye shi yana fuskantar bango.

Baban Biyu:
Na gode muku. Hajiya, na bi shawararki daren jiya, tara suka tsira, Clemente na ciki. Ɗan Bronx, ina da shi, sai dai Hassan ya taɓa jefo shi ƙasa wayar ƙarfen da ke riƙe kan ta fita daga wuyan. Na liƙe da gam, kan ya ƙame, ba ya gyaɗawa. Shi ma yana cikin taran.