Katin hoto yana zaman banza, firosesa yana tafasa: ya zan raba musu aiki a BOINC?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ba da kwamfutata ga aikin sa kai na Einstein@Home, mai binciken sararin samaniya, ta manhajar BOINC da ke raba wa kwamfutocin jama'a ayyukan lissafi. Firosesa Ryzen 5 3600 ne, cibiya 6 mai zare 12 (wato yana iya ɗaukar ayyuka 12 lokaci guda), katin hoto kuma GTX 1660 Super. Na saki zare 12 duka suna aiki, amma manhajar duba kati ta GPU-Z na nuna aikin katin yana lilo tsakanin kashi 55 da 70, firosesa kuwa ya kan haura digiri 85 da rana. Sola ce da inbata, batir ɗaya 200Ah. Ina gyaran yake?

Amsa daga Gusau:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, katinka yunwa yake ji. Kati ba ya ciyar da kansa, firosesa ne ke miƙa masa bayanai yana karɓar sakamako, kuma ayyukan OpenCL (tsarin sa kati yin lissafi) a katin Nvidia irin naka sukan riƙe zare guda cur suna jiran amsa. Ka cika zare 12 da wasu ayyuka, mai kai wa kati abinci ya shiga layi.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, in aikin kati ya rubuta yana buƙatar ƙasa da firosesa 1, BOINC ba ya ware masa komai. Hanya mafi sauƙi: shiga Computing preferences, wurin da ake sa kason firosesa, ka rubuta 84. Kada ka sa 83, domin manhajar tana zubar da ɓurɓushin lissafi, sai ta ba ka zare 9 maimakon 10.

In kana son aiki mai tsafta, buɗe C:\ProgramData\BOINC\projects\einstein.phys.uwm.edu ka ƙirƙiri fayil app_config.xml. A ciki ka sa sunan manhajar aikin kamar yadda yake a client_state.xml, cpu_usage ya zama 1.0, gpu_usage ya zama 0.5. Ma'anarsa ayyuka biyu a kan kati lokaci guda, kowanne da zarensa. Sai ka danna Read config files a ƙarƙashin Options. Ka lura Notepad yakan liƙa .txt a ƙarshen suna, fayil ɗin ya zauna ba a karanta shi. Kuma hanya ɗaya za ka ɗauka. In ka haɗa 84 da wannan fayil, zare huɗu ka cire daga ayyukan firosesa, biyu daga ciki suna zaune.

Mai tambaya:
Na gode Malam. To ayyuka biyu a kati kullum sun fi ɗaya?

Amsa daga Gusau:
A'a, sai ka auna. Bar ayyuka goma su ƙare ɗaya-ɗaya ka ɗauki matsakaicin lokaci, sannan goma bibbiyu. In ɗaya na cin minti 20, bibbiyu dole su ƙare ƙasa da minti 40 kafin a ce an ci riba. Ka sa ido kan ma'ajiyar katin ma, 6GB ce kawai. Ayyukan bayanan LIGO, cibiyar binciken da Einstein@Home ke tace bayananta, suna da cin ma'ajiya, in ta cika sai aiki ya faɗi da kuskure ko ya ja ƙafa.

Amsa daga Argungu:
Bayanin Malam daidai ne, amma ni zafin ya fi damuna. Daga Maris zuwa Mayu ɗaki na kaiwa digiri 40, fanka iskar zafi take hurawa. Kada ka taɓa wurin da ake rage kason lokacin firosesa. Wancan kunnawa da kashewa yake yi kowane 'yan daƙiƙu, zafi na hawa yana sauka, fanka na kuka tana shiru. Rage yawan zare ya fi. Ka kunna Eco Mode a BIOS (saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta), firosesan zai sauko daga iyakar wat 88 zuwa kusan 60. Katin wat 125 yake ja, ka sauke shi zuwa kashi 75 ko 80 da manhajar MSI Afterburner. Saurin da za ka rasa kaɗan ne in aka kwatanta da wutar da za ka tsira da ita, kuma ya fi ka bar shi ya kai digiri 83 ya fara rage gudu da kansa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe haƙarƙarin abin sanyaya kamar auduga. Kowane sati biyu a kashe, a riƙe fanka da yatsa don kada ta juya, a hure.

Amsa daga Talata Mafara:
Ƙanena, yi lissafin batir tukuna. Wanga inji in ya ɗau kaya zai ja kusan wat 250 a soket. Batir 200Ah na bolt 12 wat-awa 2,400 ne, rabi kawai ya kamata ka taɓa in na ruwa ne, wato ko awa biyar ba zai kai ba. Zaɓin dakatawa in ana kan batir ba zai cece ka ba, kwamfutar tebur ba ta san inbata ke ba ta wuta ba. Yi amfani da Daily schedules ka sa aiki daga 9 na safe zuwa 4 na yamma, lokacin da faranti ke ɗaukar nauyin. Ajiyar aiki kuma ka mayar da ita 0.2 na kwana, tunda awa bakwai kake yi a rana. In ka tara da yawa wa'adi zai wuce, a miƙa ayyukan ga wani, wutarka ta tafi a banza.