Wayar wutar kwale-kwale ta sake cinyewa, wacce zan saya?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Kwale-kwalen ƙanina ne da ke Tiga, fitila da famfon kwashe ruwa duk sun tsaya, ko shekara ba a yi da wayarin ɗin ba. Wace waya zan sai masa?

Oga Rewaya: Wa alaikumus salam. Fere robar tukun ka ga kalar jan ƙarfen

Baban Ummi: Kore shar, har wani gari-gari take yi

Na Bagwai: Alhaji ni na sha wannan wahalar wallahi. Wayar gida mai sili ɗaya wani ya sa min, jijjigar inji ta karya ta a cikin roba amma daga waje lafiya lau, na canza batir a banza. Da aka sa mita kan batir volt 12.6, bakin fitila ko 9 bai cika ba. Ashe kuma mahaɗar wayar da ya murɗa ya naɗe da salatif a ƙasan jirgi take kwance cikin ruwa, danshi ya bi cikin robar kamar lagwani, muka fere kusan kamu biyu duk baƙi ƙirin. Kuma ranar da ta mutu muna tsakiyar dam bayan magariba, da tocilan waya muka lallaɓo gaɓa. Ka nemi mai silli-silli, wadda aka yi wa rufin kuza, mahaɗa kuma a matse da ɗan ƙarfen nan da ake sa wa bakin waya a sa robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta, a ɗaga ta sama

Oga Rewaya: Ka kankara da wuƙa kafin ka biya. Ta ƙwarai fara a waje ja a ciki. In ka ga ja a waje fara a ciki alminiyam ce, gudu

Ɗan Fagge: France Road za a samu?

Oga Rewaya: Ka zaga dai, in babu sai a yi sautu Legas, can ruwan gishiri ya koya musu hankali

Ɗan Fagge: Kai komai Legas, ko kamasho kake ci ne 😂

Oga Rewaya: Biya ni kuɗin gyaran kekenka tukun

Na Bagwai: Kar a manta fiyus dab da batir, kan batir kuma a goge a shafa basilin

Baban Ummi: To famfon fa, shi ma ya tafi ke nan?

Ɗan Fagge: Alhaji in ƙanin naka ya shigo a taho mana da ƙarfasa