Musayar Waƙa: An Cire Kuɗi, POS Ta Ce An Ƙi Biya

Mai POS na Gujungu:
Salamu alaikum zaure, Baba Malam ga tambaya,
Lahadi a Gujungu, ba masaka tsinke, sai hayaniya,
Manomi ya miƙa kati, na'ura ta ce an ƙi biya,
Sai ga alat a wayarsa, dubu hamsin sun yi tafiya,
Shi bai karɓa ba, mai shago bai gani ba, ina hanya?

Baba Malam na Ringim:
Wa alaikumus salam ɗana, kuɗin ba sa cikin asusunka,
Sabis ne ya yanke tsakanin bankinsa da naka,
An cire a can, amsar ta ɓata kafin ta iso na'urarka.
Kar a sake saka katin, a cire masa sau biyu a gabanka.
Buga masa rasit ko da an ƙi biya, wannan ne aikinka,
Lambar RRN, ta bin sawun cinikin, na jiki, ƙwaya 12, shaidarsa da shaidarka.
Bankin mai kati ake kai wa kuka, ba a cakumar rigarka.

Gwaggo ta Taura:
Malam ka faɗi daidai, sai dai rasit ba ya jure rana,
Zafi ke fitar da rubutunsa, aljihu da gumi kan shafe shi in ya kwana.
A ɗauki hotonsa a wurin, kafin a koma gona,
Ranar, lokacin, adadin, lambar na'ura, duk a adana,
Da lamba huɗun ƙarshen kati. Sauran da PIN, ko ƙaninka kar ka nuna.

Lauyan Ƙauye:
Babban Bankin Najeriya tun 2020 ya gindaya wa bankuna sharaɗi,
Cirar POS da ta maƙale, cikin awa 72 a mayar da kuɗi.
In sun wuce, kai kuka a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafi,
In babu ita ba wanda zai ce ka zo, maganar baki ba ta da ƙarfi.
Mako biyu shiru, sai sashen kare masu ajiya na Babban Banki.
Gwaggo, kotu na karɓar hotonki, Dokar Shaida ta 2011 ta yi bayani,
Sashe na 84, amma da takardar cewa wayar lafiya take aiki.

Ɗan Maigatari:
Yaya Lauya, dokarka ta yi kyau, sai dai a birni take zaune,
Mai dubu biyar a maƙale fa? Banki sai Gumel ko Dutse ne,
Kuɗin mota zuwa da dawowa, kusan rabin kuɗin ne,
Fom da Turanci, layi har la'asar, amsar "dawo jibi" ne,
Dole a bar wa banki, kuma wanda ake barin na talaka ne.

Lauyan Ƙauye:
Gaskiyarka ƙanena, ba ni da ja. Juya katin, akwai lambar kiran banki,
Kira da layin da ka buɗe asusun, su turo maka lambar ƙorafi.
Amma kai za ka kira. Wanda ya kira ka wai zai mayar maka da kuɗi,
Ya nemi PIN ko lambar sirrin da aka turo, katse kiran da sauri,
Dokar laifukan intanet ta 2015 ta hau kansa, kai wa 'yan sanda ko EFCC lambar layi.